Arzikin Tsohon Dutse Da Talaucin Mai Haƙarsa

Duk lokacin da aka tashi maganar arzikin ƙarƙashin ƙasa a Nijeriya, hankali yakan tafi kan man fetur, in an matsa kaɗan a ambaci zinariyar Zamfara ko kuzar Jos. Duwatsu masu daraja, irin su turmalin da akwamarin da yaƙutu da zumurrudu, ba kasafai suke shiga zancen ba. Alhali kuwa shekara da shekaru ke nan ana haƙo su a Kaduna da Nasarawa da Filato da Taraba da Kogi da Kwara da Oyo, a ƙulle su a ƙyalle ko a 'yar robar magani, a fice da su zuwa Tailan da Indiya da Jamus, ba su bar abin kirki a baitulmali ba, ba su kuma bar shi a ƙauyen da aka tono su ba. Hukuma takan ɗora laifin a kan masu haƙa ba bisa ƙa'ida ba. Masu haƙa su ce dillalai ne ke cutarsu. Dillalai su ce baƙi ne ke yanka farashi. Kowannensu yana da tasa gaskiyar, amma a ganina tushen matsalar ya fi haka zurfi. Mun tsara dokoki da manufofin wannan harka ba tare da mun dubi yadda Allah Ya ajiye dukiyar a cikin dutsen ba. Kwanciyar waɗannan duwatsu ita ke faɗin wanda zai iya haƙarsu, da irin haƙar da ta dace da su, da wurin da ribar take. Wanda bai san dutsen ba, ba zai iya yi masa doka mai aiki ba.

Ƙasar da muke takawa

Kusan rabin faɗin Nijeriya yana zaune ne kai tsaye a kan tsohon dutse, wanda masana ilmin ƙasa ke ɗauka a matsayin harsashin ƙasar. Ɗaya rabin, wato kwarin Sakkwato da na Chadi da na Binuwai da na Bida da yankin Neja Delta, shimfiɗun yashi da laka ne da suka taru daga baya suka binne harsashin. Man fetur da kwal da farar ƙasar siminti a waɗancan shimfiɗun suke. Zinariya da kuza da duwatsu masu daraja kuwa, gidansu tsohon dutse ne. Shi ne muke gani ya leƙo a Kufena ta Zariya da Kwatarkwashi da Zuma, shi ne kuma falalen da mai haƙa rijiya a Funtuwa ko Birnin Gwari yake tararwa bayan 'yan gabobi.

Tsufan wannan dutse ya wuce yadda hankali ke saurin ɗauka. A 2001 wasu masana uku, Kröner da Ekwueme da Pidgeon, sun wallafa sakamakon awon da suka yi wa ƙwayoyin wani ma'adini mai suna zikon da suka ciro daga wani dutse a cikin garin Kaduna. Awon ya nuna shekara kusan miliyan 3,570. Duniyar gaba ɗaya ana ƙiyasta shekarunta da miliyan 4,540. Ke nan dutsen Kaduna yana cikin mafiya tsufa da aka sani a Afirka ta Yamma.

Akasarin wannan harsashi rikiɗaɗɗen dutse ne. Asalinsa wani abu ne daban, laka ko yashi ko dutsen da ya daskare daga narkewa, sai ya nutse can ƙasa mai nisan kilomitoci, zafi da danniya suka sāke masa halitta ba tare da ya narke gaba ɗaya ba. Shi ya sa za ka ga falalen dutse da zane-zane fari da baƙi a lanƙwashe. A arewa maso yamma akwai dogayen zirin irin wannan dutse mai ɓare-ɓare da suka miƙe daga arewa zuwa kudu, a Anka da Maru da Zuru da Birnin Gwari da Kushaka, kuma a jikinsu ne jijiyoyin zinariya suke.

Babban abin da ya yi wannan rikiɗa ya faru ne kimanin shekara miliyan 600 da suka shuɗe. A lokacin wani teku ya rufe, tsohon dunƙulen ƙasar Afirka ta Yamma ya yi karo da yankunan da ke gabas da shi, tsaunuka suka tashi daga inda yau ake kira Ahaggar a Aljeriya, suka bi ta Azbin, suka ratsa Nijeriya har arewa maso gabashin Burazil, domin a wancan zamani ba a raba Afirka da Amurka ta Kudu ba. Ruwa da iska sun cinye tsaunukan tun tuni. Saiwarsu ce ta rage, a kanta muke noma.

Yadda dutse mai daraja ke samuwa

A ƙarƙashin waɗancan tsaunuka wani ɓangare na dutsen ya narke, sannan ya riƙa hucewa a hankali yana zama dutsen giranit. Yayin da yake daskarewa, ma'adinan gama-gari su ne ke fara ƙullewa. Akwai kuma sinadaran da ba su samun gurbi a cikinsu, irin su boron da beriliyam da litiyam da tantalam da kuza, sai su yi ta taruwa a sauran ruwan da bai daskare ba, kamar yadda mai ke fita daga markaɗaɗɗiyar gyaɗa ya taru gefe in ana murzawa, ya bar tunkuza. Wannan ragowar ruwa mai zafi shi ke kutsawa cikin tsage-tsagen dutsen da ke kewaye, ya daskare ya zama jijiya mai manya-manyan ƙwayoyi. Masana suna kiran irin wannan jijiya fegmatayit. Awon da aka yi wa na Nijeriya ya nuna sun haura shekara miliyan 500, kuma tun 1946 Jacobson da Webb suka yi rubutu a kan na tsakiyar ƙasar. Zirinsu da aka fi sani ya kama daga Wamba a Jihar Nasarawa ya gangara kudu maso yamma har wajajen Abekuta, tafiyar kimanin kilomita 400.

A cikin jijiyar ma ba ko'ina ake samun abin nema ba. Can a tsakiyarta, inda tururi ya maƙale, akan sami 'yan koguna, wani bai fi ƙwarya ba, wani ya kai buhu. A nan ne ƙwaya ke samun sararin girma garau, ba tsaga ba gurɓata. Boron ya ba da turmalin. Beriliyam ya ba da dangin beril, wanda in ɗan ƙarfe ya shiga cikinsa ya zama akwamarin mai launin ruwan teku, in kuma kuromiyam ko banadiyam ne ya shiga ya zama zumurrudu. Manganis shi ke sa turmalin ya yi ja ko ruwan hoda. Bambancin dutsen naira dubu biyar da na miliyan biyar, sau da yawa ɗan ƙiris ɗin sinadari ne wanda ido ba ya gani.

A ƙarshen shekarun 1990 jan turmalin da ganet mai ruwan lemo na Jihar Oyo sun girgiza kasuwar duniya saboda tsabta da yawansu. Ba a jima ba, wajajen 2001, aka gano a kudu maso yammacin Nijeriya wani turmalin mai ɗauke da tagulla, mai shuɗi mai walƙiya. Kafin nan ba a san irinsa ba sai a Burazil, inda Heitor Barbosa ya shafe shekaru yana tono a Jihar Paraiba kafin dutsen ya bayyana a kasuwa a ƙarshen shekarun 1980. Mafi kyawun irin wannan dutse yakan haura dala dubu goma a kan karat ɗaya, karat kuwa kashi ɗaya ne cikin biyar na giram. Samunsa a gaɓa biyu na Tekun Atilantika ba abin mamaki ba ne ga mai ilmin ƙasa, tunda yankunan biyu saiwar tsauni ɗaya ce kafin teku ya shiga tsakani.

Akwai wasu hanyoyi biyu da suka ƙara wa ƙasar arziki daga baya. Ta farko ita ce jerin duwatsun giranit da suka huda tsohon harsashin, waɗanda tun 1911 Falconer ya bambance su da na farko ya kira su matasa. Jerin ya faro daga Azbin, inda suka haura shekara miliyan 400, ya bi ta Damagaram da Kano da Bauchi da Jos, yana ƙara ƙuruciya in ana yin kudu, har Afu a Nasarawa inda suke kusan shekara miliyan 140. Su ne tushen kuzar Jos da ta Riruwai, wadda kakanninmu suka iya narkawa tun kafin zuwan Turawa, kuma da su ake danganta tofaz da akwamarin na Filato da zumurrudun Gwantu da Nasarawa Eggon. Ta biyu ita ce aman wutar da ya zo a baya-bayan nan, wanda ya ɗauko yaƙutu daga can ƙasa ya kawo shi sama. Da baƙin dutsen ya ruɓe, yaƙutun ya zube cikin tsakuwar rafuka. Haka aka same shi a ƙasar Jama'a ta kudancin Kaduna, haka kuma a tsaunin Mambila na Taraba, wanda shuɗin yaƙutunsa ya ja hankalin duniya a 2014.

Abin da dutsen ke faɗa wa mai doka

Daga wannan bayani abubuwa uku suke fitowa, kuma su ne ginshiƙin hujjata.

Na farko, dukiyar a warwatse take, 'yan ƙanana-ƙanana, ba a kuma iya ƙiyasta ta tun kafin a tona. Mai neman mai ko farar ƙasa yana iya huda rijiyoyin gwaji ya lissafa abin da ke ƙasa, ya kai wa banki lissafin ya karɓi bashi. Mai neman turmalin ba shi da wannan damar. Yana iya bin jijiya wata shida bai ga komai ba, maƙwabcinsa da ke taku ashirin ya faɗa kan kogo a mako guda. Babban kamfani mai injuna da albashin ma'aikata ba ya son irin wannan caca. Inda manyan kamfanoni suka yi nasara, kamar ma'adinin jan yaƙutu na Montepuez a Mozambik ko na zumurrudu na Kagem a Zambiya, dukiyar a shimfiɗe take a wuri ɗaya mai faɗi. Namu galibi ba haka yake ba. Saboda haka mutumin da ke riƙe da diga da shebur da tocila, shi ne ainihin ma'aikacin wannan harka, yau da gobe. Manufar da ta tsaya jiran wani babban mai zuba jari ya zo ya maye gurbinsa tana jiran abin da dutsen bai ba da dama ba.

Na biyu, dukiyar ba ta da nauyi. Abin da zai sayi gida yana shiga aljihun riga. Ba shingen hanya ko jami'in kan iyaka da zai iya tsare ta. Hanya ɗaya ce take sa irin wannan kaya ya bi ta hannun hukuma: a sa bin hukuma ya fi wa mai shi riba da kwanciyar hankali a kan kauce mata.

Na uku, darajar ba a rami take ƙarewa ba, a can take farawa. Ɗanyen dutse sai an tantance shi, an san ko mene ne, an yanka shi, an goge, wani ma an gasa shi don launinsa ya fito, sannan a ba shi takardar shaida daga ɗakin gwaji. A wajen yanka yakan rasa fiye da rabin nauyinsa, amma kuɗinsa ya ninka. Garin Jaifur na Indiya da Cantaburi na Tailan da Idar-Oberstein na Jamus sun rayu a kan wannan aikin, galibi da duwatsun da aka haƙo a wasu ƙasashe. Mai haƙa a Keffi ko Gwantu, wanda ba shi da madubin dubawa ko sikelin karat, yana sayarwa ne a makance ga wanda ya fi shi sani. Shi kuma ubangidan da ya ciyar da shi wata da watanni yana tono, shi ke da ikon fara taya kayan. Rashin sani ya fi dare duhu, a wannan kasuwa kuwa kuɗi ne tsaba ake biya a kansa.

Inda muka karkata

Sashe na 44 na tsarin mulkin 1999 ya damƙa duk ma'adinan ƙasa a hannun Gwamnatin Tarayya, Dokar Ma'adinai ta 2007 kuma ta tanadi lasisin ƙaramar haƙa da ƙungiyoyin gama kai na masu haƙa da hannu. A takarda tanadin yana da kyau. A aikace, neman lasisi yana buƙatar taswira da lambobin wuri da kuɗi da zirga-zirgar ofis, abin da ya fi ƙarfin mutumin ƙauye. Sai ka tarar wanda bai taɓa taka wurin ba ya riƙe takardar fili mai faɗi yana jiran mai saye, waɗanda suka gano dutsen da hannunsu kuma doka ta mai da su ɓarayi a bayan gidansu.

Idan abu ya ɓaci, amsar da muka saba ita ce hani da kame. A Afrilun 2019 an haramta haƙar ma'adinai a Zamfara saboda ta'addancin 'yan bindiga, ba a ɗage ba sai a Disamban 2024, kuma a tsawon waɗannan shekaru kashe-kashen ba su tsaya ba. A Maris ɗin 2024 an ƙaddamar da dakaru na musamman don farautar masu haƙa ba bisa ƙa'ida ba. Masu goyon bayan wannan hanya suna da hujja, kuma ba a raina ta. Haƙar da ba ta da mai sa ido tana kisa. A 2010 gubar dalma da ke tare da dutsen zinariya ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, saboda ana niƙa dutsen a cikin gidaje. A Janairun 2024 abubuwan fashewa da hukumomin Oyo suka ce masu haƙar ma'adinai ne suka ɓoye sun tarwatsa gidaje a unguwar Bodija ta Ibadan. Ramuka suna ruftawa da mutane, yara suna barin makaranta, gonaki suna zama kududdufai, kuma a wasu dazuzzukan masu bindiga ne ke karɓar haraji a bakin rami. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai a dubi abin da ya haɗa waɗannan masifu: dukkansu sun faru ne a harkar da ke gudana a ɓoye, inda babu jami'in da ya san yawan ramukan, babu wanda ya koya wa mutane haɗarin dalma, babu kuma wanda mai haƙa zai kai wa ƙara ba tare da ya tona wa kansa asiri ba. Hani yana ƙara tura harkar cikin duhun da ya haifi masifar.

Yanzu ga wani sabon haɗari. Jijiyoyin da ke ba da turmalin da akwamarin su ne kuma ke ɗauke da litiyam, wanda duniya ke rububinsa don batirin motoci da wayoyi. A Mayun 2024 an buɗe masana'antar sarrafa shi a Jihar Nasarawa, ana kuma ta tono a Kogi da Kwara da Kaduna da Oyo. Litiyam da tan ake sayensa, don haka da nakiya da katafila ake fasa dutsen a loda a tirela. Nakiya ba ta san kogon turmalin ba. Ƙwayar da ta fi tirela guda ta litiyam kuɗi tana iya zama gari a fashewa ɗaya. Abin da aka shafe shekara miliyan 500 yana ajiye, ba ya sake tsirowa kamar gero.

Abin da wasu suka gwada

Tanzaniya ma a kan irin wannan tsohon rikiɗaɗɗen dutse take samun tanzanayit, wanda aka gano a Mererani a 1967 kuma ba a haƙarsa a ko'ina a duniya sai can. Shekaru da dama ribarsa tana tafiya ga masu yanka da masu sayarwa na waje. A 2010 ƙasar ta hana fitar da ɗanyen da ya haura giram ɗaya. A 2018 ta zagaye wurin da katanga mai tsawon kilomita 24, a 2019 kuma ta fara buɗe kasuwannin ma'adinai na hukuma a larduna. A Yunin 2020 wani ƙaramin mai haƙa, Saniniu Laizer, ya tono duwatsu biyu, ɗaya ya haura kilo 9 ɗaya kilo 5, ya sayar wa gwamnati a bainar jama'a a kan kuɗin da ya haura dala miliyan uku. Katangar ba za ta yi mana aiki ba, domin nasu wuri ɗaya ne, namu ya bazu a jihohi. Darasin yana wajen kasuwar: mutumin ya kawo kayansa fili ne saboda ya tabbata za a biya shi, ba za a ƙwace ba. Siri Lanka kuwa, wadda ta shafe ɗaruruwan shekaru tana haƙar yaƙutu a Ratnafura, ta bar harkar a hannun ƙananan ramuka masu lasisi, ta kuma raya sana'ar yanka da gashi a cikin gida.

Abin da ya kamata a yi

Aikin farko na ilmi ne. Hukumar binciken ƙasa ta Nijeriya ta samo asali tun 1919, jami'o'in Zariya da Jos da Ibadan kuma sun tara bincike mai yawa a kan waɗannan jijiyoyi. Wannan sani ya fito daga kabad ya isa bakin rami, da Hausa da Yarbanci da Fulatanci, ta rediyo da ta bakin malaman haƙa irin malaman gona: yadda ake gane jijiya mai alamar kogo, yadda ake tokare rami, lokacin da ya kamata a ajiye nakiya a ɗauki kurfi.

Na biyu, a keɓe wa ƙungiyoyin masu haƙa na gari filayensu, a kawo rajista kusa da su, a kuma karɓe takardun da aka riƙe shekaru ba a aiki da su. Sarakuna da masu unguwanni, waɗanda su ne suka san wanda ke tono a ina, a ba su gurbi a rubuce da kaso bayyananne ga al'umma, tare da sharaɗin cike rami da hana yara shiga.

Na uku, a kafa kasuwannin dutse a kusa da wuraren haƙa, kowacce da ƙwararren mai tantancewa da sikeli da na'urar gwaji, inda mai kaya zai san sunan dutsensa da nauyinsa kafin a fara ciniki, masu saye kuma su yi gogayya a fili. Harajin ya zama mai sauƙi, domin kaɗan daga kaya mai yawa ya fi mai yawa daga babu.

Na huɗu, a koyar da yanka da guga a matsayin sana'a. Injin yanka dutse ba ya cin wuri fiye da keken ɗinki, kuma aiki ne da mata da masu lalurar ƙafa za su iya yi a zaune. Ƙasar da ta fitar da maƙeran farfaru da dukawa da masu ɗinkin hannu na Zariya da Kano ba ta rasa ido da haƙurin da aikin ke buƙata ba. Amma a fara da koyarwa kafin hana fitar da ɗanye, don in aka hana alhali babu masu yanka, fasa-ƙwauri kawai za a ƙara wa kasuwa.

Na biyar, duk lasisin litiyam ya ƙunshi sharaɗin duba jijiya da ware ɓangarorin da ke da duwatsu masu daraja kafin a sa nakiya, da mai sa ido da zai tabbatar an bi.

Ba ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar biliyoyin da ake kashewa a kan matatar mai. Abin da suke buƙata shi ne hukuma ta yarda cewa mai diga abokin aikinta ne, ta kuma gaggauta, domin ramukan da ake fasawa bana ba za a sake samun abin da ke cikinsu ba. Majalisun jihohin da abin ya shafa da 'yan majalisar tarayya da ke wakiltar yankunan Gwantu da Jama'a da Wamba da Mambila su ne ya kamata su fara ɗaga wannan magana, tunda mutanensu ne ke cikin ramin.